Mma Hajiya za ta sauka daga kwamitin makaranta, wa zai hau?

Ɗan Aboabo (mai riƙe da zaure):
Assalamu alaikum, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu. Waɗanda suka je taron iyayen yara ranar Lahadi sun ji da kunnensu, wannan don mutanenmu na Akra ne da na ƙasashen waje. Mma Hajiya ta ce in an rufe makaranta wannan karon, ta ajiye shugabancin kwamitin makarantarmu ta nan Kumasi. Tun 2005 take ciki. Ta ce gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara yi mata gardama. Ƙungiyar tallafin yara kuwa tana hannunta tukuna. Ni da wasu samari mun ga ya dace a haɗa mata 'yar walima, a saya mata turmin atamfa, a yanka ko tunkiya ce. Mai niyya ya tura wa ma'aji ta momo, wato asusun kuɗi na waya. Mai wata shawara kuma, bismillah. Roƙona ɗaya, ban da siyasa. Wanda ya shigo mana da laima ko giwa, alamun jam'iyyun nan na Ghana, zan goge saƙonsa.

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Tunkiya ta yi kaɗan wallahi. Shekarar da babansu ya rasu na cire babbar 'yata daga aji biyu na JHS, wato ƙaramar sakandare, don ta kama mini sayar da koko. Kwana uku da yin haka, da asuba ina damu, sai ga Hajiya da tocila a hannu. Muka gaisa, ba ta ce mini kanzil ba a kan makaranta. Ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna, ta karɓi ludayi tana zuba wa masu saye, yarinyar na ƙulla ƙosai. Bakwai na yi ta dubi yarinyar ta ce, "Je ki sa yunifom, ni zan ƙarasa." Washegari ta dawo. Jibi ta dawo. Kwana tara cif. Mace mai jikoki, mai rumfarta a kasuwa, tana tsugune a ƙofar gidana tana ba 'yan tasha canji. Mutane har tsayawa suke suna kallo. Kunya ce ta ishe ni, na nemi wata dattijuwa maƙwabciyata muka riƙa raba riba. Yarinyar nan ta yi BECE, jarrabawar gama JHS, yau aikin jinya take a Tamale. Ku sa sunana a gaba, ni zan dafa waken walimar.

Tela na Alabar:
Allah ya saka mata da alheri. Amma tun da an ce a kawo shawara, ina da tambaya, kuma kada a ce na yi wa babba rashin kunya. Daga 2005 zuwa yau shekara nawa ke nan? Yaron da aka raɗa wa suna a shekarar ya fara zuwa zance. Kujerar kwamiti ce ko sarautar Zango? Na biyu, ita ce shugabar kwamitin makaranta, ita ce kuma shugabar ƙungiyar da ke karɓo kuɗi da sunan yaran makarantar. Ita ke nema, ita ke karɓa, ita ke rabawa. Ban ce ta ci ba. Cewa na yi, wa ke duba ta?

Direban Trotro:
Kai Tela, ana cin tuwo sai ka jefa allura a miya.

Tela na Alabar:
Allurar ce ke riƙe da wandon da kake sanye da shi, kuma har yau ba ka cika mini kuɗin ɗinkinsa ba.

Tsohon Hedimasta:
Ku ƙyale Tela, tambayarsa tana kan hanya. Rabinta ni ya kamata in amsa, don shekara takwas na yi ina zama teburi ɗaya da baiwar Allahn nan, kuma ba kullum cikin daɗi ba.

Da yawa a zauren nan suna haɗa kwamitin da PTA. Daban suke. PTA ta iyaye da malamai ce. Kwamitin da ake kira SMC kuwa, a cikinsa akwai hedimasta, da wakilin iyaye, da na malamai, da asambiliman, wato kansilan unguwa, da wakilin sarki. Ba ya ɗaukar malami, ba ya korar malami, ba ya biyan albashi, duk wannan na hukumar ilimi ta ƙasa ne, wato GES. Ɗan kwamiti ko kwabo ba a biyansa. Aikin ya yi nauyi ne daga 2005, da gwamnati ta hana karɓar kuɗi a hannun iyaye a makarantunta na tushe, ta ce za ta riƙa ba kowace makaranta kuɗi bisa yawan yaranta, abin da muke kira kafiteshan. Sidi 30,000 na tsohon kuɗi a kan kowane yaro a shekara. Da aka sauya kuɗi a 2007 ya zama sidi 3, a 2009 aka kai shi sidi 4 da rabi. Ku lissafa da kanku. Makaranta mai yara 400 a kan sidi 3, sidi 1,200 ke nan, shekara guda. Da shi za a sayi alli, a gyara benci, a kai yara wasanni. Ga shi yakan makara. Kuma ba a taɓa shi sai hedimasta da malamai sun rubuta tsarin abin da za a yi, kwamiti ya amince, shugabansa ya sa hannu.

Inda na fito, na saba da shugabannin kwamiti da ake kai wa takarda shago, su sa hannu suna ciniki. Da na zo nan sai na aika wa Hajiya takardar ta hannun yaro. Ta dawo mini da ita yadda na aika. Washegari ta zo da ɗan autanta, yana aji shida na firamare, don ita karatunta na allo ne, ajami take rubutawa, Turanci sai na kasuwa. Yaron na karantawa layi-layi, tana cewa "fassara". Sai ya zo kan fentin ofishin hedimasta. Ta ce ya dakata. Ta ce, "Masta, taso mu je." Ta kai ni aji uku, ta nuna mini yadda yara suka ja benci gefe guda, ga bokiti biyu a tsakar aji, ga tabon ruwa a siminti. Watan Yuni ne, kun san ruwan Kumasi a lokacin. Ta ce an ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ga alama ɗakin Masta ba ya yoyo. A gaban malamar ajin ta faɗa.

Na ji haushi ƙwarai, kuma ina da hujjata, don in manya suka zo duba makaranta ofishin suke fara gani. Sati uku gaisuwarmu sama-sama. Kwanon rufi aka saya. Fentin sai bayan shekara biyu.

Batun daɗewa kuwa, Tela bai yi ƙarya ba, akwai wa'adi a ka'ida. Da wakilcin iyaye ta shiga. Da lokacinta ya cika na kira taro, mutum 11 suka zo, tara mata, kowa ya ce yana da uzuri. Sai mai unguwa ya mayar da ita a matsayin wakiliyarsa. Haka aka yi ta juya mata kujera. Bai dace ba, na yarda, kuma ni ma da hannuna a ciki.

Malamin Larabci:
Masta ya faɗi nasa, ni ma bari in faɗi nawa, don ba na son a yi walima ina da abu a ciki. Makarantar nan mahaifina da abokansa suka fara ta, a ƙarƙashin rumfa, da allo da tawada. Iyayenmu ba ilimi suka ƙi ba da suka hana mu zuwa makarantun mishan, tsoro suke kada yaro ya tafi da suna ɗaya ya dawo da wani. Da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin GES a 1987, makarantu irin tamu suka shiga a kan cewa gwamnati ta kawo malaman boko, mu mu riƙe Larabci da Alƙur'ani. Amana ce tsakaninmu da iyaye.

Hajiya ce ta miƙe a taro ta ce 'yan aji uku na JHS a ɗauke musu darasinmu na safe a ba lissafi da kimiyya, namu ya koma Asabar da Lahadi. Asabar da Lahadi a Zango! Ranar biki, ranar suna, ranar sadakar arba'in, ranar da uwa ke tura yaro talla. Da na yi magana ta ce Larabcina ba zai kai yaro sakandare ba. Sakamakon BECE ya gyaru, ban musa ba. Amma na ga yaran da suka tafi makarantar kwana ba su haɗa izu biyar ba, kuma wanda ya tafi a haka da wuya ya dawo gaban allo. Sannan ƙungiyarta tana saya wa yara jaka da takalmi, malaman da ke koyar da su Fatiha kuwa sai su yi watanni ba su ga alawus ba. Na yafe, amma ban manta ba.

'Yar Sawaba (Ohayo, Amurka):
Allah ya gafarta Malam, ina gaisuwa, ɗalibarka ce. Ina cikin rukunin farko da aka yi wa wannan sauyi. Gaskiya Malam ya faɗa, izu huɗu na tafi da shi sakandare, sai da na kai shekara 24 na sauke, shi ma don mahaifiyata ta ƙi barina in huta. Cikin ƙawayena akwai waɗanda har yau ba su koma ba. Amma Malam, cikinmu mu mata, da ba mu ci jarrabawar nan ba, ba allo za a mayar da mu ba, ɗakin miji ne ko faranti a ka a kasuwar Kejetia. Ni ban iya cewa wanenku ke da gaskiya ba, ku biyun kuna da haƙƙi a kaina.

Wani abu da na lura da shi a nan: 'yan hukumar makarantu zaɓensu ake yi da ƙuri'a, har fosta suke bugawa. Su ke amincewa da kasafin kuɗin makarantun gari, su ke ɗaukar babban jami'in da ke tafiyar da su. Kaso mai yawa na kuɗin daga harajin gidaje yake fitowa, shi ya sa mutane ke cika taro su yi ta hayaniya. Mu a gida an ce wa kwamiti ya sa ido, amma wuƙa da nama suna wani wuri. Duk abin da Mma Hajiya ta yi, da ƙafarta da bakinta ta yi, kuma bakin nan kowa ya san yana da kaifi.

Tsohuwar Sakatariyar Ƙungiya:
Shekara bakwai na riƙe wa ƙungiyar alƙalami, bari in amsa ɗaya rabin tambayar Yaya Tela. Daga adashi ƙungiyar ta fito. Mata ne masu sayar da hatsi da kayan miya a babbar kasuwa suke zubi duk mako, Hajiya ta kawo shawarar duk wadda ta kwasa ta bar ɗan wani abu don kuɗin makarantar marayu. Daga baya aka yi rajista, saboda masu tallafi ba sa tura kuɗi asusun mutum ɗaya. In kun yi rajista kuwa, duk shekara sai akanta na waje ya duba lissafinku. Asusun banki hannu biyu ne, ita da ma'aji. Kuɗin kafiteshan kuma ko ganinsa ba ta yi, hedimasta da mataimakinsa ke cirowa, nata dai ta yarda da tsari ko ta ƙi. Allah ya gafarta Malam, azumi biyu mun kai wa malamai shinkafa da mai. Alawus dai gaskiya ne ba mu taɓa biya ba, masu ba da kuɗin ba sa yarda a taɓa shi don albashi.

Ni inda na saɓa da ita daban ne. A 2015 wasu baƙi masu tallafi suka zo daga Turai, za su ba mu kwamfuta 20, a gyara ɗaki, a rubuta sunansu a bango. Lokacin dumso ne, wuta ta zo awa 12 ta ɗauke awa 24. Hajiya ta saurare su har suka gama, ta ce, "'Yan matanmu na zama a gida kwana huɗu ko biyar duk wata don babu banɗaki mai ƙofa da ruwa. Wannan za ku gina mana." Ni nake fassara. Na so in lulluɓe maganar, in ce muna murna amma akwai kuma wata buƙata. Ta dubi fuskata ta gane, ta ce, "Faɗa musu yadda na faɗa." Suka ce ba ya cikin tsarinsu na shekarar. Suka sha lemo, suka ɗauki hoto, kwamfutocin suka tafi wata makarantar.

Har gobe ina ganin kuskure ta yi. Da an karɓa, a nemi banɗaki a wani wuri. Sai 2018 aka gina shi, da gudummawar 'yan'uwanmu na Jamus da bulon sadaka. Tsakanin nan yara rukuni uku suka shiga BECE suna amsa tambayoyin kwamfuta, ba su taɓa riƙe linzaminta ba sai wanda malami ya zana a allo.

Babban aibinta kuwa, ba ta sakin aiki. Makulli, littafi, lambobin masu tallafi, duk a jakarta. Ka kawo shawara ta ce to, gobe ka tarar ta riga ta yi da kanta. Abin da ya sa na ajiye ke nan, ba faɗa muka yi ba. Mutumin da bai taɓa barin kowa ya riƙe makulli ba, yau yana neman magaji.

Tela na Alabar:
To tun da an zo nan, bari in fito fili. Ɗan yayana ya ci BECE a 2016, kwamfutar gwamnati mai raba makarantu ta tura shi makarantar kwana. Kuɗin shiga, da akwati, da katifa, muka haɗa muka ga ba za mu iya ba. Na cire hula na je wurin Hajiya. Ta ce babu. Sati biyu bayan nan na ji an biya wa yaron maƙwabcinta. Ɗan yayana yanzu aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku, yake tuƙawa, yana kwasar shara. A Satumba 2017 aka fara sakandare kyauta. Shekara ɗaya ce tsakani, jama'a. Shekara ɗaya.

Tsohuwar Sakatariyar Ƙungiya:
Na tuna zuwanka, Yaya, ni na ba ka kujera. Shekarar waɗanda suka nema sun ninka abin da ke hannunmu sau uku. Ka'idar ita ce wanda ya rasa uwa da uba a gaba, sai marayan uba, sai 'yan mata. Yaron maƙwabcin nata ba shi da kowa. Naka babansa na da rai. Mun san yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya kawo komai gida. Na ce a ɗauke shi a matsayin maraya, Hajiya ta ce in aka buɗe wannan ƙofa ba za a iya rufewa ba. Aka kaɗa ƙuri'a, aka rinjaye ni. Ban ce an yi masa adalci ba. Amma ba maƙwabtaka ce ta yi aiki ba.

Direban Trotro:
Subhanallah. Tela, ban san wannan ba. Ka yi haƙuri da maganar ɗazu.

Jikar Hajiya:
Assalamu alaikum iyayena. Kakata ba ta rubutu a waya. Na karanta mata duka, har na Kawu Tela da na Malam, ban tsallake ba. Ga abin da ta ce in rubuta, ban ƙara ban rage ba:

"Ki gaishe su duka. Tunkiya a bar ta ta yi kiwonta. Ƙofa biyu ta banɗakin 'yan mata sun ɓalle tun kafin hutu, in masu kuɗin sun yarda a kai wa kafinta.

Tela ya yi gaskiya, na daɗe, kuma ɗankwali biyu a kai ɗaya ba kyau. Yaron nan nasu ban manta da shi ba. Yana wucewa ta ƙofar gidana da kekensa, ya rage gudu ya gaishe ni, ni ce nake kawar da kai. Littattafan ƙungiya suna nan a ƙarƙashin gadona, tun na adashi. Ya zo ya duba. Na farkon da ajami ne, sai ya taho da Malam ya karanta masa.

Malam kuwa, in yau aka sake dawowa, abin da na yi shi zan yi. Amma maganar da na yaɓa masa a gaban mutane ban kyauta ba, ɗan malamina ne, ya yafe mini.

Sakatariya ma ba ta yi mini ƙarya ba. Ga makulli, na gaji da shi. Mutum ɗaya nake so ya zo ya zauna kusa da ni wata uku. Aikin ba shi da wani sirri. Ka zo bakwai da rabi ka ga wane malami ya iso, wane ne bai iso ba. Ka duba yaran da ke cikin rajista, ka ƙirga waɗanda ke kan benci. Kada ka sa hannu a abin da ba a karanta maka ba. Da aka buɗe makarantu a Janairu 2021 bayan korona, yara sama da 40 ba su dawo mana ba. Gida-gida na bi, daga Aboabo har Akwatiya Layin, na samo yawancinsu. Uku na tarar an ɗaura musu aure, wasu samarin sun ɗanɗana kuɗi sun ƙi. Wannan yawon ne ƙafata ba za ta sake iyawa ba."

Ɗan Aboabo (mai riƙe da zaure):
To jama'a, kun ji. Wa zai ba da suna?

Ɗan Aboabo (mai riƙe da zaure):
Awa uku ke nan. Ɗazu da ake maganar tunkiya wayata har zafi ta yi. Ina ganin waɗanda suka karanta fa.

Direban Trotro:
Ni huɗu na asuba nake fita tasha, sai dare. A yi mini uzuri.

'Yar Sawaba (Ohayo, Amurka):
Duk wanda ya karɓa, kuɗin mota da na kiran waya suna wuyana duk wata. Ƙafa ce ba ni da ita a can.

Maman 'Yan Biyu:
Ni tara na safe na gama koko, kuma babu gidan da ban sani ba a layinmu. Turancin ne matsala. Aji huɗu na tsaya.

Tsohon Hedimasta:
Maman 'yan biyu, 'yan biyun naki ba sun gama sakandare ba? Hajiya da ɗan aji shida ta titsiye ni. Ki zo dai. Amma iyaye ne za su zaɓa a taro, kada mu sake naɗa wani a zaure mu ce an gama.

Malamin Larabci:
Na yafe wa Hajiya duniya da lahira. Amma ko wa ya hau, maganar lokacin Larabci tana nan, zan kawo ta a zaman farko.

Tela na Alabar:
Asabar zan zo in ga littattafan. Littattafan kawai. Kada wani ya rubuta sunana a wata takarda.

Ɗan Aboabo (mai riƙe da zaure):
Asabar bayan la'asar, a ɗakin aji shida. Waɗanda suka riga suka tura kuɗi su gaya wa ma'aji, ƙofa ko a mayar musu. Mai zuwa ya riƙo kujerarsa, bencin ajin na yara ne, ba zai ɗauki Masta ba.